Waken da Baba Ya Rufe a Kwalba

Kwalbar ƙarshe ce ba ta yi ƙara ba. Vonda ta sa bakin cokali a ƙarƙashin murfin kamar yadda ta yi wa sauran, tana jiran ta ji "fas" ɗin nan da iska ke yi idan ta samu hanyar shiga, sai murfin ya ɗago salin alin ya faɗo kan teburin kicin. Hankalinta yana kan albasar da ke soyuwa a kasko, don haka ba ta tsaya wani tunani ba. Ta tsiyaye ruwan, ta juye koren waken a kan na sauran kwalaben, ta ɗauraye, ta koma da sauri ta kwashe albasar kafin ta ƙone.

Ranar Godiya ce, bikin shekara-shekara da iyali ke haɗuwa a ci abinci tare, ta farko tun bayan rasuwar Mama, kuma bana gasasshen wake a kan Vonda ya faɗo. A gidansu, gidan Sizemore, ba a yin sa da miyar gwangwani da busasshiyar albasar kanti, irin yadda matar yayanta ke yi ta kuma kira shi girki. Mama har ta koma ga Mahaliccinta tana cewa wannan aikin malalata ne. Sai an yanka albasa sirara-sirara, an tsoma a madara, an birgima a fulawa, an soya. Sai an soya laimar kwaɗi, irin wadda ake ci, a man shanu har ta yi ja, a barbaɗa fulawa, a bi da madara a hankali ana juyawa har romon ya yi kauri ya kama bayan cokali. Shi kuwa waken, dole ya zama na lambun bayan gida, wanda aka tsinka lokacin zafi aka rufe a kwalba.

Bana Baba Doyle ne ya yi wannan aikin, shi kaɗai, yana da shekara tamanin da ɗoriya, kuma ba wanda ya kai Vonda tutiya da hakan. Tun da aka binne Mama, yayanta Wendell ke nacin a kai Baba gidan tsofaffi a gari. Wai gidan nan ya shige can ƙuryar kwari tsakanin tsaunukan Kentucky, wai idan tsohon ya faɗi ba mai jin kukansa sai barewa. Duk lokacin da ya tayar da zancen a waya, da waken nan take rufe masa baki.

"Mutumin da ya shuka wake, ya tsinka, ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kwalabe, shi ne za ka ce bai iya zama shi kaɗai ba? Kai ko ƙwai ka iya dafawa?"

Ba a nan ta tsaya ba. Ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na Mama ta rantse wa Baba cewa muddin tana numfashi, ba mai fitar da shi daga gidan da ya gina da hannunsa.

Ta haɗa waken da romon, ta juye a farantin gashi, ta baza albasar a kai, ta tura cikin obin, murhun gashi, kusa da talo-talon bikin da ke gasuwa. Sai a lokacin ta samu sukunin juyowa wajen Baba, wanda ke zaune bakin taga tun da ta iso da sassafe.

"Baba, kofinka ya huce. In ɗumama maka?"

"Bar shi, Auta. Yau abin nan faɗa yake yi da ni. Duk kurɓar da na yi sai ta bi wata hanya."

Ta haura hamsin, furfura ta ci rabin kanta, amma a bakinsa har yanzu Auta ce. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofin, hannun ya sauka a gefensa ya damƙi iska. Ya yi 'yar dariya.

"Ga shi kofi biyu nake gani. Ke ma biyu ce. Ɗaya ma ta ishe ni ciwon kai."

Ta taya shi dariyar, amma idonta yana kan fuskarsa. Fatar idanunsa ta sauko ta rufe rabin ƙwayar, sai ya ɗaga haɓa kafin ya dube ta. Muryar ma ba tasa ba ce, ta yi nauyi kamar ya cusa auduga a baki. Vonda direbar motar 'yan makaranta ce, an koya musu alamun shanyewar ɓarin jiki, don haka ta sa shi ya ɗaga hannayensa duka biyu. Suka tashi daidai. Ta ce ya yi murmushi, ya yi mata gwalo, bakin bai karkace ba. Ta sauke ajiyar zuciya ta koma wajen wanke-wanke.

A nan ta ɗauki murfin nan da ya faɗo. Tsakiyarsa ya kumburo. Ta danna da babban yatsa, ya shiga ya dawo yana "ƙwas". Ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta ga wata farar dauɗa ta kwanta a gindinta.

"Baba, a wace tukunya ka dafa kwalaben nan?"

"A tukunya mana."

"Ta Mama? Ta tururi, mai agogo a ka?"

Ya kau da kai wajen taga, ya ja tsaki.

"Wannan 'yar banzar? Sau ɗaya na ɗora ta, ta kama huci tana rawa kamar za ta tashi da rufin gida. Na ƙarar da ƙuruciyata a ramin kwal ban mutu ba, ba zan mutu a kicin saboda wake ba. Na sauke ta. Na jawo bahon wanki na hura wuta a tsakar gida, na tafasa su wuni guda cur. Haka uwata ke yi, kuma gida guda ta raina da shi."

"Ta binne 'ya'ya biyu, Baba."

"Wannan na Allah ne."

Duk macen da ta tashi a kwarin nan ta san abu ɗaya tun kafin ta san kanta. Tumatir da 'ya'yan itace, tafasa ta ishe su, amma wake ba ya yafiya. Idan ba a tukunyar tururi aka matse shi ba, wata guba kan kwanta a cikin kwalbar, ba ta da ɗanɗano, sau da yawa ko wari ba ta yi. Vonda tana yarinya aka fitar da gawa biyu daga wani gida a bayan tsauni, uwa da ɗa, kuma Mama ta riƙe hannunta ta kai ta jana'izar don kawai ta gani da idonta. Ta ido take farawa, inji Mama, ta gangaro maƙogwaro, daga nan sai ƙirji. Matan kwarin sun sani. Mazan kuwa ci kawai suka iya.

"Ka ci daga ciki?"

"Shekaranjiya na buɗe ɗaya. Ai ba na ba mutane abin da ban ɗanɗana ba."

"Ka tafasa shi kafin ka ci?"

"Da sanyinsa. Da ɗan ruwan tsami da albasa, yadda nake so. Jiya na ƙarasa sauran."

Ta dafa tebur. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da likita ya kira su gefe a kan ciwon Mama.

"Tashi. Asibiti za mu, yanzun nan."

Tana ƙoƙarin kwance ɗamarar girki ya kama wuyan hannunta.

"Ba inda za ni. Wendell yana hanya. Kin san abin da yake jira ke nan, ko ba ki sani ba? Ki je ki ce masa tsoho ya kusa ƙarar da zuri'arsa da wake. Gobe in kwana a ɗaki mai warin fitsari, wata yarinya tana ba ni abinci a baki tana kirana ɗan albarka. Kin rantse, Auta."

"Baba, wannan abin kashewa yake yi."

"Gajiya ce. Jiya na wuni ina faskare. In na ci abinci na kwanta, shi ke nan. Idan sun watse ban warware ba, ki kai ni da kanki, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Abin da nake roƙonki ke nan. Na taɓa roƙonki wani abu?"

Bai taɓa ba. Shi ya sa ta gyaɗa kai, tana sane da cewa ba daidai ta yi ba. Ta shiga lallashin kanta. Wataƙila gajiyar ce. Wataƙila kwalbar da ya ci lafiyarta ƙalau. Ai tsofaffi kullum da abin da ke damunsu. Ba ta gama wannan lissafin ba ta ji hon a ƙofar gida, kare ya kama haushi.

Wendell ne ya fara shigowa, da tumbinsa da muryarsa, dillalin motoci a birni wanda bai iya magana a hankali ba ko a coci. Matarsa Nadine na biye da kek ɗin kabewa na kanti da ta juye a farantin gida. A baya can sai Tessa, 'yar Vonda tilo, tana tafe tana dafe da ƙugu, cikinta haihuwa yau ko gobe. Su suka biya suka ɗauko ta, don mijinta yana kan hanya da babbar mota.

"Tsoho mai ran ƙarfe!" Wendell ya dafa kafaɗar Baba, ya leƙa fuskarsa, ya kwashe da dariya. "A'a! An fara taɓa giyar ɓoye tun da hantsi ke nan? Dubi idonsa, Nadine. Ina ka ajiye ta, Baba, a bayan buhun abincin kare?"

Baba ya ɗaga kafaɗa ya yi murmushin wanda aka kama. Gara a ce ya sha da a ce ba shi da lafiya. Aka rankaya falo, aka kunna wasan ƙwallo a talabijin, Vonda ta koma kicin ita kaɗai.

Ƙamshi ya cika ko'ina. Ta buɗe obin ta jawo farantin, gefensa yana tafarfasa, albasar ta yi ja tana ƙyalli. Abin haushi, bai taɓa yi mata kyau irin na yau ba. Ta tsaya tana kallonsa. An ce zafi yana kashe gubar idan an tafasa sosai, amma ita ɗaurayewa kawai ta yi, kuma wa ya san ko zafin ya kai tsakiyar farantin? Tana cikin wannan Tessa ta shigo da cokali a hannu.

"Mama, tun jiya ɗan nan yake shure-shure saboda wannan. Loma ɗaya kawai, ta gefe, ba mai ganewa."

Cokalin ya riga ya nutse a cikin romon lokacin da Vonda ta kai wa hannun duka. Cokalin ya yi tsalle ya bugi firij. Tessa ta riƙe hannunta ta buɗe baki tana kallon uwar da ba ta taɓa ko ɗaga mata yatsa ba.

"Gilashi," inji Vonda. "Bakin kwalba ya fashe a ciki. Yanzu na lura. Ba mai ci."

"To shi ne sai da duka?"

"Yi haƙuri. Je ki zauna."

Wendell ya leƙo daga ƙofa. "Gilashin me? A tsince shi mana! Shekara guda ina jiran abin nan. Ko dai kin ɓata girkin ne kina neman abin fakewa? Da kin bar wa Nadine, da tuni an gama."

Ba ta kula shi ba. Ta naɗe farantin da tawul ta fita ta ƙofar baya. Karen Baba ya biyo ta yana kaɗa wutsiya, yana shinshinar iska, sai ta ga ba ta isa ta zubar a ko'ina cikin gidan nan ba. Ta zura shi a baƙar leda da farantin da komai, ta ƙulle, ta kulle a but ɗin motarta. Ta tsaya cikin sanyi ba riga mai kauri, haƙoranta na haɗuwa. Ta ciro wayarta, ba don ba ta san ba a samun sabis a kwarin nan ba. Waya ɗaya ce ke aiki, ta gida, kuma tana kan ɗan tebur a gefen kujerar da Wendell ya baje a kai. Ta taga ta hango Baba ya kwantar da kai baya sosai, yana leƙen talabijin ta ƙarƙashin fatar ido.

Ta dawo ta wanke hannu har ya yi ja, ta wanke mataci da cokali da wurin wanke-wanken da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Ta tuƙa dankali. Ta yanka burodi. Duk abin da hannunta ke yi, kunnenta yana falo. Idan ta ji muryarsa sai ta ja numfashi. Idan shiru ya yi yawa sai ta ƙirƙiri dalilin leƙawa, ta kai gishiri, ta dawo da gishiri. Nadine har ta tambaye ta ko lafiya take ta safa da marwa haka.

Da rana ta ɗan karkata aka hau tebur. A gidan nan Baba ne ke addu'a, kuma addu'arsa sananniya ce. Yakan faro daga ruwan sama, ya bi ta kan marasa lafiya na coci ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan sojoji, har sai romo ya daskare yara suna harbin juna da ƙafa a ƙarƙashin tebur. Yau ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar, kowa ya sunkuyar da kai.

"Ya Ubangiji... mun gode..."

Ya tsaya ya ja numfashi. Kalmomin da suka biyo baya suka manne da juna, ba a gane ko ɗaya sai sunan Mama. Ya sake tsayawa. Wendell ya buɗe ido ɗaya ya dubi matarsa yana danne dariya.

"Amin," inji Baba, ya koma ya zauna daɓas.

"Wannan ita ce addu'a!" inji Wendell. "Daga yau kullum a riƙa ba shi kafin a zauna. Miƙo min cinyar nan, Vonda."

Ba ta ji shi ba. Baba take kallo. Ya ɗauki kofin ruwa da hannu biyu ya kai baki. Ya kurɓa, ya yi ta ƙoƙarin haɗiyewa, maƙogwaronsa yana motsi, sai ruwan ya dawo ta hanci da gefen baki ya jiƙa masa rigar zuwa coci. Ya yi tari. Mutumin da tarinsa na kwal ke tayar da maƙwabta, yau tarin bai fi na ɗan kyanwa ba.

"Kaka, sannu," inji Tessa, tana miƙa masa tsumma. "Ka bi a hankali, ba mai ƙwace maka."

Ya ɗaga haɓa ya nemo Vonda ta 'yar kafar da ta rage a idonsa, ya girgiza kai kaɗan. Ta gane abin da yake nufi. Gaba kura, baya siyaki. Idan ta buɗe baki, ta raba shi da gidansa da hannunta, kuma ba zai yafe mata ba, ta san halin kayanta. Idan ta yi shiru, ido ya riga ya tafi, ga maƙogwaro ya bi, abu ɗaya ya rage. Ta zuba wa maɓallin rigarsa ido, tana kallon yadda yake tashi yana sauka. Tashin bai kai yadda ya kamata ba.

"Ba giya ba ce," inji ta.

Ba wanda ya ji, ana ta karo da cokula. Ta buga tebur da tafin hannu.

"Na ce ba giya ya sha ba! Kuma ba gilashin da ya fashe. Waken ne. A bahon wanki ya tafasa kwalaben, bai sa su a tukunyar tururi ba. Shekaranjiya ya ci da sanyinsa, jiya ma ya ci. Guba ce a jikinsa, Wendell. Ba ya iya haɗiye ruwa."

"Au... ta." Baba ya kai wa tebur duka, amma ko cokali bai motsa ba.

Tessa ta rungume cikinta da hannu biyu. "Mama, ban ci ba ko? Bai taɓa bakina ba ko?"

"Ba ki ci ba. Ba wanda ya ci sai shi."

Dariyar ta bar fuskar Wendell, jini ma ya bar ta. Ya ajiye wuƙar da ke hannunsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin ku iso."

"Tun kafin mu iso. Kika tsaya kina yanka burodi?"

Wendell ya ture kujera. Kafin motar asibiti ta gano hanyar kwarin nan an daɗe, don haka ya ce a tasa za a tafi. Suka ɗaga Baba, shi ta dama ita ta hagu. A bakin ƙofa tsohon ya miƙa hannu ya kama katakon ƙofar, wanda shi ya fafe shi ya kafa tun kafin a haife su. Vonda ta zaci za a sha dambe, don ta san ƙarfin hannun nan. Wendell ya taɓa yatsun kawai suka saki. Wannan ne ya sa ta fashe da kuka.

Tessa ta biyo su da kwalbar da murfinta a leda. Aka bar talo-talo a tebur yana hucewa. Vonda ta zauna a baya ta tallafe kan Baba a kafaɗarta don kada yawu ya shaƙe shi, Wendell yana shan kwana yana zagin duk motar da ta tare masa hanya. Ta yi ta yi wa Baba magana, tana faɗa masa inda suke, sun wuce coci, sun wuce gada, saura kaɗan. Bai ce mata uffan ba. Ba ta sani ba ko ba ya iyawa ne ko ba ya so.

A asibitin gari, wata likita matashiya ta fara sauraronsu tana rubutu a tsaye. Da ta ji "wake a kwalba" da "bahon wanki" sai ta ajiye biro ta ƙwala wa nas-nas kira, aka shige da shi a guje. Aka bar su a baranda kan kujerun roba. Da ta fito, ba ta yi musu kwana-kwana ba. Maganin gubar ba ya nan, ba a ajiye shi a ƙananan asibitoci, amma ta yi waya an taso da shi daga nesa. Yana tsayar da ɓarnar da ba ta riga ta auku ba. Wadda ta auku kuwa, sai jiki ya gyara da kansa, makonni ko watanni. Idan ƙirjin ya gaza kafin maganin ya iso, za su sa masa injin numfashi.

"Da kun kai gobe," inji ta, sai ta fasa ƙarasawa ta koma ciki.

Wendell ya juyo wajen Vonda. Da ya yi magana, a karon farko a rayuwarsa a hankali ya yi.

"Ko ya tashi, ba zai koma gidan can ba. Kin ji ko?"

"Na ji."

"Kina zaton daɗi nake ji? Ni ma ubana ne, Vonda."

Ya goge ido da bayan hannu ya tafi neman inda zai kira Nadine.

Rana na shirin faɗuwa wata nas ta zo ta ce mutum ɗaya zai iya shiga. Baba yana kwance an ɗaga masa kai, robar iska a fuska, wayoyi a ƙirji. Idanun sun rufe ruf. Fuskar ta yi sumul, ba fushi ba fara'a, ba a karanta komai a kanta.

"Ba barci yake yi ba," inji nas ɗin. "Yana jin komai, hankalinsa garau yake. Kada dai ki sa shi magana, ya adana numfashinsa. Mun yi da shi zai riƙa amsawa da yatsa. Ɗaya e, biyu a'a."

Ta fita. Vonda ta jawo kujera ta zauna kusa da hannun da ke kwance a jikin ƙarfen gado.

"Baba, ni ce. Kana ji na?"

Farcen ya taɓa ƙarfen sau ɗaya.

"Akwai inda ke maka ciwo?"

Biyu.

"Kana jin tsoro?"

Yatsan ya daɗe bai motsa ba, sannan ya buga biyu. Ƙarya yake yi, ta sani, ta ƙyale shi. Ita kam tsoron ya cika ta har wuya. Ta dubi ƙofa, ta tuna a buɗe take tun ɗazu, kuma baranda ba nisa.

"Ka ji abin da Wendell ya ce?"

Ɗaya.

Tambayar da ta fi tsoro ita ta rage, kuma ta san idan ba ta yi ta yanzu ba, ba za ta iya zama a ɗakin ba.

"Kana fushi da ni?"

Farcen ya sauka a kan ƙarfen da ƙarfi, har sai da ya yi ƙara. Ta jira na biyu. Ta yi ta jira, injin gefen gado yana ta ƙirga bugun zuciyarsa. Na biyu bai zo ba.

Hawaye suka zubo mata, amma idonta yana kan yatsan. Wannan bugun ya fi duk na baya ƙarfi.

"To, yi ta yi," inji ta. "Yi fushinka, Baba. Kada ka kuskura ka huce."

Ta ƙara matso da kujerar har gwiwarta ta taɓa gadon. Maganin yana can a hanya, ba ta san inda ya kai ba. Ta bari aka ɗan jima, ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Har yanzu?"

Yatsan ya ɗaga a hankali, ya buga sau ɗaya.